Tarihin Gwajin Gaggawa na Zazzaɓin Cizon Sauro a Ƙasar Arewa

Gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro, wanda ma'aikatan lafiya a Dogon Dutsi da Tibiri ke kira TDR, ya dogara ne a kan ƙwayoyin garkuwar jiki. Kowace irin ƙwayar garkuwa abu guda take ganewa ta kama shi. Wannan ɗabi'a ce masana suka yi amfani da ita wajen gano furotin a cikin jini da auna yawansa.

A shekarar 1960 Rosalyn Yalow da Solomon Berson na birnin New York suka bayyana hanyar auna insulin a jinin mutum, ta amfani da sinadari mai fitar da tururin nukiliya. Aikin ya samo wa Yalow kyautar Nobel a 1977, sai dai ba ya yiwuwa sai a manyan ɗakunan gwaji. A 1971 Eva Engvall da Peter Perlmann a Suwidin suka maye gurbin sinadarin da wani mai sauya launi, aka samu hanyar ELISA. A 1975 kuma Georges Köhler da César Milstein a Ingila suka gano dabarar samar da ƙwayar garkuwa iri ɗaya tak mai ɗimbin yawa. Daga nan aka kai ga ɗora gwajin a kan siririyar takarda cikin ɗan gidan roba.

Kafin zuwan TDR, tabbatar da zazzaɓin cizon sauro sai da madubin likita da ƙwararren ma'aikaci, waɗanda galibi sai a asibitin gunduma ake samu. A ƙauyukan Dallol Mawri, duk yaron da jikinsa ya yi zafi da damina akan ba shi magani bisa zato. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwaji kafin ba da magani, TDR kuwa ya sa hakan ya yiwu har a ƙananan gidajen likita marasa lantarki. Ɗigon jini daga yatsa ya isa. Idan akwai furotin HRP2 da ƙwayar cutar ke fitarwa, layi biyu za su bayyana a kan takardar cikin minti 15 zuwa 20.

Gwajin yana da iyaka. HRP2 kan yi makonni a jini bayan an warke, kuma a 2010 an ba da rahoton ƙwayoyin cuta marasa wannan furotin a ƙasar Peru. Shi ya sa har yanzu asibitoci ke riƙe da madubin likita domin tantance sakamakon da ake shakka a kansa.