Daga Zabirar Wanzami zuwa Ɗakin Tiyata

Kafin asibiti ya zo ƙasar Kano, wuƙar magani a hannun wanzami take. A Madobi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, shi ne ke rataye zabirarsa ya zaga gida-gida: ya yi wa yara kaciya da sanyin hunturu, ya cire wa jariri beli, ya kafa wa mai ciwon baya ƙaho, ya tsaga maruru idan ya nuna. Sana'a ce ta gado, mai shugabanta Sarkin Aska. Karaya kuwa ta mai ɗori ce.

Amma aska iyakarta fata. Idan hanji ya murɗe, ko ƙaba ta shaƙe, ko naƙuda ta kwana biyu ɗa bai fito ba, sai rubutu da addu'a da jiran ikon Allah.

A ƙarshen shekarun 1920 aka buɗe asibitin cikin birnin Kano, wanda aka sa wa sunan Murtala Muhammad bayan rasuwarsa a 1976. A 1943 mishan ta kafa asibitin ido, inda tsofaffin da yana ta rufe wa ido suka riƙa komawa gida ba ɗan jagora. Asibitin ƙashi na Dala ya biyo baya a 1959, na koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988.

Ana cikin haka yankin kansa ya sauya. Madatsar Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta kwararo ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya kankama: shinkafa, alkama, tumatir. Arziki ya shigo, nasa ciwon ma ya biyo shi. Katantanwar da ke kwance a magudanan ruwa tana ɗauke da tsargiya, wadda idan ta daɗe a jiki takan lalata mafitsara. Gurɓataccen ruwan sha yana kawo taifod, ita kuma idan ta yi makonni ba magani takan huda hanji, sai a ga yaro cikinsa ya kumbura ya yi tauri, dole a farke a ɗinke. Manomin da ke cicciɓar buhu ƙaba na damunsa shekara da shekaru, yana ɗaure ta da ƙyalle har ranar da za ta ƙi komawa. Ga kuma haɗarin mota da babur a hanyar Zariya.

Mata ne suka fi ɗanɗana jinkiri. Doguwar naƙuda, da yankan gishiri a wasu lokuta, sun bar da yawa da yoyon fitsari. Tun shekarun 1980 likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holand ya duƙufa ɗinke su a Babbar Ruga ta Katsina da asibitin Murtala, yana koya wa likitocin gida aikin.

A yau ba a cika jin tsoron kalmar "za a yi aiki" kamar da ba. Abin da ke tsayar da iyali shi ne kuɗin aiki, da motar dare, da neman ɗan'uwan da zai ba da jini. Wanzamai kuwa suna nan da zabirarsu, sai dai kaciyar ma yanzu iyaye da dama asibiti suke kai ta.