3.4 Tarihin Cire Ɓangaren cgi Daga Rumbun Harshen Python

Kamar yadda aka ambata a babi na biyu, Guido van Rossum ne ya fitar da harshen Python a shekarar 1991. Tun farko an gina harshen ne bisa aƙidar cewa duk wanda ya ɗauke shi zai tarar da kayan aikinsa a haɗe, tamkar rediyon da aka sayar da baturansa a ciki. Waɗannan kayan aiki su ne ɓangarorin da ke cikin babban rumbun harshen. A wancan zamani wannan aƙida ta yi rana, domin samun ƙarin manhaja ta intanet abu ne mai wuya.

Ɗaya daga cikin ɓangarorin nan shi ne cgi. Aikinsa shi ne karɓar bayanan da mutum ya cike a fom ta intanet, ya miƙa su ga shirin da zai sarrafa su. Matsalar tsarin CGI ita ce, duk buƙatar da ta shigo sai an tayar da shirin daga farko, wanda hakan kan jawo nawa idan jama'a suka yi yawa. A shekarar 2003 aka gabatar da tsarin WSGI, haka kuma aka buɗe ma'ajiyar PyPI, inda kowa ke iya ɗauko ɓangaren da yake so. Daga nan amfanin cgi ya fara ja da baya.

Sai dai raguwar amfani kaɗai ba ta isa dalilin cirewa ba. Abin da ya fi nauyi shi ne ɗawainiya. Muddin ɓangare yana cikin rumbu, wajibi ne a riƙa gwada shi da toshe kafofin da ɓarayin bayanai za su iya bi, alhali masu wannan aiki 'yan ƙalilan ne, akasarinsu kuma 'yan sa-kai. Bisa wannan hujja Christian Heimes ya rubuta takardar shawara mai lamba PEP 594 a shekarar 2019, wadda ta kira irin waɗannan ɓangarori matattun batura. Daga baya Brett Cannon ya shiga aikin.

Shawarar ba ta samu karɓuwa nan take ba, kuma masu adawa da ita suna da tasu gaskiyar: akwai tsofaffin shirye-shirye da ke aiki lami lafiya, waɗanda cirewar za ta tsayar da su. Sai a shekarar 2022 majalisar gudanarwar harshen ta amince. A fitowa ta 3.11, cikin Oktoban wannan shekara, aka sanya wa cgi alamar gargaɗi, ta yadda duk shirin da ya kira shi za a sanar da mai shi cewa ɓangaren na dab da ritaya. A Oktoban 2024 fitowa ta 3.13 ta zo babu shi, tare da wasu ɓangarori 18, ciki har da telnetlib da crypt. Masu buƙatarsa har yanzu sukan ɗauko kwafinsa daga PyPI da sunan legacy-cgi.