Dutsen Akrofolis: Yadda Atina Ta Zaɓi Tarihin da Za Ta Nuna wa Baƙi

Ginin Fartenon da ke kan dutsen Akrofolis a Atina, babban birnin Girka, ya haura shekara 2,400. An fara shi a shekarar 447 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin shugaba Ferikilis, aka kammala a 432, don bautar gunkiyar birnin. Amma ginshiƙan farin marmara da baƙi ke ɗauka a hoto yau ba haka tarihi ya bar su ba. Share wurin aka yi, aka zaɓi abin da zai tsaya.

Da Kiristanci ya kafu, ginin ya koma coci da sunan Nana Maryam, ya daɗe a haka ɗaruruwan shekaru. Turkawan Daular Usmaniyya suka karɓi dutsen a 1458, daga baya suka mai da cocin masallaci har da hasumiya. Duk wannan sauyin hannu bai rushe ginin ba, rufinsa na nan.

Yaƙi ne ya ci shi. A watan Satumba na 1687 rundunar Jamhuriyar Benis, ƙarƙashin Faransesko Morosini, ta yi wa dutsen ƙawanya. Turkawa sun jibge albarushi a cikin ginin, harsashin igwa ya faɗa kai, tsakiyar ta tarwatse, mutum kusan 300 suka halaka. Bayan ƙura ta lafa aka gina wani ƙaramin masallaci a cikin kangon, gidajen soja kuma suka kewaye shi.

Sai ga Lod Elgin, jakadan Birtaniya a Istanbul. Daga 1801 ma'aikatansa suka shiga ɓamɓare sassaƙe-sassaƙen ginin, wasu ma da zarto, ana loda su a jiragen ruwa. Ya ce yana da izinin hukumar Usmaniyya, Girkawa kuwa har gobe suna musun abin da izinin ya ƙunsa. A 1816 gwamnatin Birtaniya ta saye su kan fam 35,000, suna nan a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan.

Lokacin da Atina ta zama babban birnin sabuwar ƙasar Girka a 1834, gari ne na mutum 'yan dubbai. Sarki Otto, Bajamushe daga Babariya, da mashawartansa sun ƙudura cewa zamanin Ferikilis ne kaɗai ya cancanci a gani. Aka kwashe gidajen Turkawa, aka rushe ƙaramin masallacin, daga bisani har wata doguwar hasumiyar tsaro da masu mulki 'yan yammacin Turai suka bari. A ganina an yi asara babba a nan, domin tarihin shekara kusan 1,500 aka kawar don a fito da na ƙarni guda.

Gyaran ma ya zo da tasa ɓarnar. A farkon ƙarni na 20 injiniya Nikolas Balanos ya ɗaure duwatsun da ƙarfe, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsattsaga marmarar. Aikin da aka soma a 1975 yana cire shi ne ana sa titaniyam, wanda ba ya tsatsa. UNESCO ta sa wurin cikin wuraren gadon duniya a 1987.

Batun dawo da sassaƙe-sassaƙen da ke Landan kuwa, Melina Markuri ce ta hura wutarsa da ta zama ministar al'adun Girka a 1981. An sha cewa Girka ba ta da wurin adana kayan, sai ta buɗe sabon gidan tarihi na Akrofolis a 2009, inda ta jera abin da ke hannunta tare da kwaikwayon waɗanda aka kwashe, don mai kallo ya ga giɓin. Fadar Batikan ta mayar da guntaye uku a 2023. Birtaniya ba ta mayar ba. ('Yan Najeriya masu bibiyar maganar tagullar Benin sun san wannan jan ƙafar.)

Damuwar yanzu cunkoso ce: daga Satumba na 2023 an ƙayyade masu hawa dutsen zuwa 20,000 a rana, kowa da sa'arsa. Wanda ya samu zuwa, kada ya tsaya a saman dutse kawai. Ya gangara dandalin Monastiraki, inda masallacin Tsistarakis na 1759 ke tsaye, duk da cewa ba a salla a cikinsa yanzu.