Amosanin gaɓoɓi: Yadda garkuwar jiki ke juya wa jiki baya

A Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, kusan duk ciwon gaɓa akan ce sanyi ne. Sai dai akwai wani nau'in amosanin gaɓoɓi da ba sanyi ko tsufa ke kawo shi ba: garkuwar jiki ce ke afka wa gaɓoɓin mai ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutane miliyan 18 ne ke fama da shi, kashi 70 cikin ɗari mata.

Mene ne saitokin?

Saitokin wasu sinadarai ne da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna saƙo da su. Idan ƙwayar cuta ta shiga, su ke yin gangami, har a ga zazzaɓi da kumburi.

A wannan ciwo gangamin ba ya tsayawa. Sinadarai irin su TNF da IL-6 kan ci gaba da kumbura gaɓa har guringuntsi da ƙashi su zaizaye. Alamominsa sun haɗa da kumburin yatsun hannu biyu da sanƙarewa da safe.

Magunguna

A 1992 Ravinder Maini da Marc Feldmann suka gwada maganin infliximab, mai toshe TNF, a kan majinyata 20 a London, aka kuma ga sauƙi. Amurka ta amince da etanercept a 1998, da adalimumab a 2002.

Allurai ne masu tsada, kuma galibi likitoci kan fara ne da ƙwayar methotrexate mai rahusa.

Haɗarin tarin fuka

Jiki na buƙatar TNF wajen killace ƙwayar tarin fuka da ke kwance a huhu. Idan aka toshe shi, tana iya farfaɗowa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2001 ya gano mutane 70 da tarin ya tasar wa bayan an ba su infliximab.

Nijeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi ƙamari, don haka wajibi ne a yi gwajinsa kafin fara allurar.

Maganin kashe zafi daga kemis ba ya hana gaɓa lalacewa, kuma ƙashin da ya zaizaye ba ya dawowa. Wanda kumburinsa ya kai makonni shida ya kamata ya ga likita, domin a tura shi babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.