Tarihin Ƙidayar Lokaci a Kwamfuta da Hatsarin Saɓanin Ma'auni

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin yadda kwamfuta ke ƙidayar lokaci, da yadda aka gano cewa ma'aunin da aka tanada domin wannan ƙidaya ya yi kaɗan, da kuma irin ɓarnar da ta biyo baya sa'ad da aka tashi faɗaɗa shi. Abin da tarihin zai nuna shi ne, ƙanƙantar ma'auni matsala ce da aka san ranar zuwanta, amma saɓanin ma'auni tsakanin sassan manhaja guda ɓarna ce da ke aukuwa a ɓoye.

Asalin al'amarin yana komawa ne zuwa shekarar 1969, lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina babbar manhajar nan mai suna Unix a ɗakunan bincike na kamfanin Bell da ke jihar New Jersey ta Amurka. A littafin jagora na farko da suka fitar a 1971, ana ƙidayar lokaci ne da kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, watau sakan, tun daga ranar 1 ga Janairu, 1971. An keɓe wa lambar gurbi mai bit 32, shi kuwa bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani a kwamfuta, ba ya ɗaukar komai sai sifiri ko ɗaya. Da wannan lissafi gurbin kan cika cikin shekara biyu da 'yan watanni. Saboda haka ba a daɗe ba aka koma ƙidaya da cikakkiyar daƙiƙa, aka kuma tsayar da mafari a kan 1 ga Janairu, 1970.

Wannan gyara ya ɗaga ranar cikar gurbin ne kawai, bai kawar da ita ba. Da yake an ware bit ɗaya domin bambance lokacin da ya gabaci 1970 da wanda ya biyo baya, lamba mafi girma da gurbin ke iya ɗauka ita ce 2,147,483,647, kimanin shekara 68 ke nan. Za a kai wannan lamba ranar Talata 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe 3:14 da daƙiƙa 7 na dare agogon GMT. Daƙiƙa ɗaya bayan haka, duk injin da ba a gyara ba zai ɗauka cewa ranar 13 ga Disamba, 1901 ake ciki. An ma riga an ga somin-taɓi. A watan Mayu na 2006 manhajar AOLserver ta riƙa tsayawa, domin an saita mata wa'adin jira na daƙiƙa biliyan ɗaya, da aka tara shi da lokacin wannan rana sai jimillar ta zarce iyakar 2038.

Maganin a fili yake: a mayar da gurbin ya zama mai bit 64, wanda ba zai cika ba sai bayan shekara kusan biliyan 292. To, amma masu iya magana kan ce garin neman gira a rasa ido. Domin a fahimci inda hatsarin yake, wajibi ne a dubi yadda ƙwaƙwalwar kwamfuta take. Ita dai jerin gurabe ce a kusa da juna, kowanne yana ɗaukar bayit ɗaya, watau bit takwas. Tsohuwar lambar lokaci tana cin gurbi huɗu, sabuwar tana cin takwas. Bugu da ƙari, manhaja ba ta yin komai ita kaɗai. Idan tana bukatar sanin lokaci, takan keɓe wuri a ƙwaƙwalwa, ta miƙa adireshin wurin ga wata taskar ayyuka da wasu mutane dabam suka rubuta, ita kuwa taskar ta zuba amsa a nan. Harshen C, wanda da shi aka rubuta akasarin waɗannan abubuwa, ba ya binciken ko wurin ya isa a yayin da manhajar ke aiki.

Idan manhajar ta keɓe gurbi huɗu, taskar kuwa ta zuba takwas, sai huɗun da suka yi saura su malala su shafe abin da ke maƙwabtaka. Abin da aka shafe yana iya zama wata lamba ta lissafi, ko kuma adireshin da manhajar za ta koma bayan ta gama aikin da take kai. Idan kuwa aka juya, taskar ta zuba huɗu manhajar ta karanta takwas, to rabin lambar tarkace ne da aka tarar a wurin, sai kwanan wata ya fito ba kai ba gindi. Har ila yau, lokaci yakan zo ne a cikin jerin bayanai, alal misali bayanin fayil wanda ya ƙunshi girmansa da ranar da aka taɓa shi. Da zarar gurbin lokaci ya faɗaɗa a gefe guda kawai, duk abin da ya biyo bayansa a jerin ya goce daga mazauninsa. Abin da ya sa wannan cuta ke da wuyar ganewa shi ne, alamarta ba ta bayyana a inda aka yi ɓarnar. Manhaja takan yi ta aiki lafiya, sa'an nan ta faɗi a wani sashe da ba ruwansa da agogo.

Tushen saɓanin tsohuwar al'ada ce. A farkon zamanin Unix masu rubuta manhaja sun saba ajiye lokaci a nau'in lambar da ake kira long. Daga baya aka ba lokaci nau'insa na kansa mai suna time_t, amma ƙa'idar harshen C ta 1989 ba ta yanke girmansa ba. Muddin su biyun girmansu ɗaya, ba wanda ya lura da bambanci. Da kamfanin Microsoft ya mayar da time_t mai bit 64 a cikin Visual C++ 2005, alhali long yana nan a bit 32, sai tsofaffin manhajojin da suka gauraya su biyun suka soma zuba takwas a wurin huɗu.

An bi hanyoyi dabam-dabam wajen yin ƙaura. Masu NetBSD sun faɗaɗa gurbin a 2012, suka bar tsofaffin ƙofofi domin tsofaffin manhajoji su ci gaba da aiki. Masu OpenBSD a 2014 suka zaɓi yanke hukunci gaba ɗaya: aka canja ma'aunin, aka wajabta sake harhaɗa kowace manhaja, don kada tsoho da sabo su haɗu. A ɓangaren Linux aikin ya ɗauki shekaru, Arnd Bergmann na cikin waɗanda suka ja ragamarsa, har aka kammala gyaran cibiyar manhajar a fitowa ta 5.6 a 2020. A 2021 taskar glibc ta 2.34 ta ba kowane mai harhaɗa manhaja zaɓin ma'aunin da yake so. Wannan zaɓi ya sauƙaƙa ƙaura, amma ya buɗe ƙofar saɓani, tun da ana iya harhaɗa taska da ma'auni guda, manhajar da ke kiranta da wani. Dalili ke nan da ya sa a 2024 masu Debian suka sauya sunayen ɗaruruwan taskoki, suka liƙa musu alamar t64, domin kada a haɗa tsohuwar manhaja da sabuwar taska bisa kuskure.

Daga wannan tarihi ne aka fitar da ƙa'idojin gyara. Na farko, a ajiye lokaci a nau'in da aka yi dominsa, kada a yi zaton girmansa. Na biyu, a harhaɗa manhaja da dukkan taskokinta da ma'auni ɗaya. Na uku, duk lokacin da za a rubuta a fayil ko a aika wa wani inji, a ƙayyade girmansa a rubuce. Na huɗu, a gwada manhaja da kayan bincike irin su Valgrind da AddressSanitizer, waɗanda aka yi domin kama rubutun da ya tsallake iyaka, a kuma tura agogon gwaji ya wuce 2038 a ga abin da zai faru.

Daga ƙarshe, ya kamata a lura cewa manyan kwamfutoci da wayoyin zamani masu bit 64 sun riga sun tsallake wannan siratsi. Inda saura ke nan shi ne ƙananan injuna da ake dasawa cikin mitar lantarki da motoci da kayan asibiti da na masana'antu, waɗanda akan yi shekara ashirin ana amfani da su ba a taɓa manhajarsu ba. Injin da ma'aikata ta saya a bana yana iya kaiwa 2038 yana aiki. Saboda haka jami'in da ke sa hannu a takardar saye yana da tambaya biyu da zai yi wa ɗan kwangila: shin injin yana ƙidayar lokaci da bit 64, kuma shin an gwada dukkan sassansa a kan wannan ma'auni guda?