Muryar da Ke Cikin Ƙofar Mota

Da riƙon tocila na fara wannan sana'a ta haɗa sautin mota. A tsakiyar shekarun 1980 mahaifina ya damƙa ni ga wani mai gyaran wutar mota a Kano, irin waɗanda ake kira 'yan rewaya, kuma watannina na farko a aiki ɗaya suka ƙare: in haska masa ƙarƙashin dashbod, shi kuma yana kwance rigingine, kai a gindin sitiyari, ƙafafu a waje. A wannan ɗan duhun na fara sanin cewa kowace waya tana da inda ta fito da inda za ta.

A zamanin babu wata sana'a mai zaman kanta ta haɗa sauti. Rediyo ɗaya ne daga cikin kayan wutar mota, kamar hon da fitila da sigina. Motocin da suka cika garejinmu Fijo ne, 404 da 504, waɗanda kamfanin Peugeot ya fara haɗawa a Kakuri ta Kaduna a 1975, sai Bosuwaja da Datsun, sai Marsandin alhazai jefi-jefi. Sifika ɗaya ce a yawancinsu, wani lokaci biyu. Buƙatar mai mota ita ce rediyonsa ya kamo Kaduna ko da yana kan hanyar Nguru, ya kamo BBC a gajeren zango da sassafe. Saboda haka rabin gwanintar tana wajen eriya, rabin kuma wajen kashe ƙarar da fulogogi da altaneta ke zubawa cikin rediyo, wadda ke tashi duk lokacin da aka taka totur. Ɗan ƙaramin kwandensa da wayar at da aka ɗaure tamau a ƙarfen jikin mota, su ne maganin.

Sai daga baya, da na fara karance-karance, na san abin ya girme mu duka. Motorola ta fara sayar da rediyon mota a Amurka a 1930, Blaupunkt ta bi sahu a Jamus a 1932, kaset kuma Philips ce ta fito da shi a 1963. Amma a wajenmu, tarihin ya fara ne ranar da kaset ya shiga tasha.

Direban da ke jigila tsakanin Kano da Maiduguri, ko Kano da Legas, ko mai tsallaka iyaka zuwa Damagaram, ya samu abokin hira wanda ba ya gyangyaɗi. A aljihun dashbod za ka tarar da Shata da Ɗanƙwairo da Haruna Uji, da Ɗan Maraya Jos wanda ya yi wa karen mota waƙa sukutum, da waƙoƙin finafinan Indiya, da karatun Alƙur'ani, da tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da aka naɗa daga rediyo. Mu kuma aiki ya buɗe mana. Kan rikoda ya yi datti, a goge da auduga da sifirit. Bel ya saki, a canja. Robar da ke matse zaren ta taurare saboda zafi ta fara cinye kaset. Wanda aka manta a kan dashbod da tsakar ranar bazara kuwa lanƙwashewa yake yi, sai a fasa gidan a hankali, a mayar da zaren cikin wani, a naɗe da biro. Mun yi wa mutane wannan aiki ba adadi, domin wani kaset ɗin babu irinsa a kasuwa: wa'azin malamin garinsu ne, ko kiɗan bikin ƙanwarsa.

Maigidana yana da kaset guda na Shata wanda ba ya ba kowa aro. Da shi yake gwada kowane aiki. Zai zauna a kujerar direba, ya rufe ƙofofi, ya ƙara murya zuwa rabi, ya lumshe ido. Idan kalangu ya danne maganar, ko muryar 'yan amshi ta cakuɗe da ta Shata, sai ya ce, “Yaro, kwance. Da saura.” Na daɗe kafin in gane dalilinsa. Kiɗanmu, kalangu ne ko kotso ko gurmi ko kuntigin Ɗan Maraya mai tsirkiya ɗaya, kusan duk yana zaune ne a tsakiyar sauti, daidai inda muryar ɗan Adam take. Waƙar Bahaushe kuma magana ce. Wanda bai ji kalmomin ba, bai ji waƙar ba. Sifikar da ta iya fitar da murya tar ta biya wa mai mota kusan duk buƙatarsa, labarai ne ko wa'azi ko karatu ko waƙa.

Shekarar 1986 ce ta juya mana akala. Da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta zube, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa, wasu ta Legas, wasu ta Kwatano su zagayo ta Nijar su shigo ta Maraɗi da Jibiya. Tokumbo, 'yar Kwatano, Beljiyam, duk sunan abu ɗaya ne. Tun daga lokacin, kusan duk motar da ta shigo hannunmu ta riga ta tsufa a wata ƙasa kafin ta zo ta ci gaba da tsufa a tamu. Sana'ar haɗa sauti a Arewa, in an bi ta a tsanake, sana'ar farfaɗo da sautin tsohuwar mota ce.

Kowace ƙasa da irin ciwon kan da take aiko mana. Rediyoyin Turai suna zuwa da lambar sirri ta maganin ɓarayi: da an cire kan batir sai rediyo ya kulle, takardar lambar kuwa tana can wajen Baturen da ya rabu da motar. Waɗanda aka ciro daga motocin cikin gida na Japan, ana zube su a kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka, FM ɗinsu daga 76 yake farawa ya tsaya a 90. Ba mu damu sosai ba sai da tashar Freedom ta buɗe a Kano a ƙarshen 2003 a kan 99.5, kowa ya ce sai ya ji ta, muka shiga saka musu ɗan akwatin da ke janyo tashoshin sama zuwa ƙasa. Na Amurka kuma a matsakaicin zango goma-goma suke tsallakawa, alhali tashoshinmu tara-tara aka jera su, don haka Rediyon Kaduna da ke kan 594 sai dai a tsaya a 590 a ji shi da shaƙaƙƙiyar murya. Golf da Opel nasu salon daban ne: wayar da ke da wuta kullum da wadda sai an murɗa makulli, an musanya musu gurbi a soket. Wanda bai sani ba ya jona sabon rediyo kai tsaye, kullum da safe sai mai mota ya tarar an manta masa tashoshinsa. Abu ɗaya da ya zame mana rahama shi ne awon ramin rediyo da Jamusawa suka tsayar, milimita 180 a faɗi da 50 a tsayi, wanda ya zama na duniya a 1984. Albarkacinsa Pioneer ko Kenwood ko Sony zai zauna daram a ramin Golf ko Marsandi 190 ba tare da an ɗauko zarto ba.

Sai zamanin wufa, babbar sifika mai kaurin sauti, ya zo, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon na 2000, kuma a nan ne nake ganin mun yi wa sana'ar illa da hannunmu. Kiɗa ya canja. Waƙoƙin fiyano na finafinan Hausa sun cika gari, kiɗan Awilo Longomba da ake kira makosa ya shigo, ga na baƙaƙen Amurka mai dukan ƙirji. Samari suka fara son a ji zuwansu tun daga kan kwana. Kafintoci suka koyi haɗa akwatin wufa mai inci 12, a naɗe shi da kafet a cusa a but, a huda bayan kujera a dasa sifiku masu siffar ƙwai. Dawowar siyasa a 1999 ta ƙaro nata aikin: lasifiku a kan rufin bas, batir na biyu a ƙarƙashin kujera. Kuɗi ya shigo, a wannan zamanin ma na buɗe shagona. Amma tare da kuɗin ƙarya ta shigo. Kwali zai zo da rubutun wat 2000 ko 3000 a kan amfilifayar da ba ta fi tafin hannu biyu ba, mu kuma muka riƙa maimaita wa masu saye lambar kamar mun yarda da ita.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Amfilifayar da za ta ba da wat 500 na gaskiya a kan batir mai bolt 12 sai ta ja sama da amfiya 40, ita kuwa altanetar tsohuwar mota da ƙyar take ɗaukar fitilu da fanka da na'urar sanyi. Shi ya sa za ka ga fitilun mota suna lumshewa daidai da bugun ganga. Shi kansa rediyon da aka rubuta wa 50 sau 4 a goshi, abin da yake bayarwa tsakani da Allah wat 20 ne ko kusa da haka ga kowace sifika. An kuma riƙa jibga sifiku biyu ko uku a kan waya ɗaya. Sifikar mota om 4 ce, in aka gwama biyu suka koma om 2, rediyo ya ɗauki zafi har abin da ke ba shi ƙarfi a ciki ya ƙone.

Akwai wata Honda da ba na mantawa. Wani yarona ya ja wayar amfilifaya daga batir ta cikin hujin ƙarfen da ke tsakanin inji da ɗaki, babu roba a bakin hujin, babu fiyus, ni kuma ban duba ba saboda motoci sun yi layi. Bayan 'yan makonni ƙarfen ya ci rigar wayar. Mai motar yana tafe da iyalinsa hayaƙi ya turnuƙe su. Allah ya tsare, kowa ya fita lafiya, na biya aikin wayarin gaba ɗaya, amma kwanaki na yi ban yi barcin kirki ba. Daga ranar, babu wayar wuta da ke fita daga shagona sai da fiyus a kusa da kan batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba.

Faifan CD bai daɗe a hannunmu ba. Pioneer ta fitar da na mota tun 1984, ya iso mana a makare, ya tarar da ramuka da ƙura: kowane gargada sai waƙa ta yi tsalle, kowane hunturu sai idon na'urar ya makance. Mojuletar da ake sokawa a ramin kunna sigari ta kore shi, filashi da memori suka biyo, masu tura waƙoƙi a kasuwar Farm Centre suka gaji masu naɗar kaset. Yanzu bulutut ne da allon Android. Ba ni da faɗa da allon, yana nuna hanya, yana nuna abin da ke baya. Abin da ke damuna shi ne yaran da suka shigo sana'ar ta kansa: sun iya dasa allo cikin rabin awa, amma da yawansu ba su taɓa buɗe ƙofa ba. Sai ka ga mota mai shekara 25 da allo yana walƙiya, sautin kuwa yana fita ta sifikar da ta ruɓe tun tana Turai.

A ƙofa aikin yake. In ka cire marfinta za ka ga tarihin motar gaba ɗaya. Soson da ke zagaye da bakin sifika zafin rana ya mai da shi gari. Ƙurar hunturu ta shiga tsakanin kwail da mayen ƙarfe tana gurzawa. Ruwan damina da ke bin gilashi ya jiƙa takardar, domin mai gyaran jiki ya yage ledar da ke tare shi bai mayar ba. Sabuwar sifika kuma in an rataye ta da sukuru biyu, iska na zagayawa ta gefe, sautin bayanta zai cinye na gabanta, a rasa kaurin murya ko nawa aka saye ta. Don haka nakan yanka zoben katako in zaunar da ita a kai, in toshe duk wata kafa, in manna abin da zai hana ƙarfen ƙofar karkarwa. Kafin in jona, sai na taɓa wayoyin da batirin tocila in ga takardar ta turo waje a dama da hagu duka; in ɗaya tana turowa ɗaya tana ja, kokawa za su yi da juna. Waya ma sai na kankare ta da wuƙa, domin kasuwa ta cika da alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Gaba nake fara gyarawa, tunda a gaba mai mota yake zama. In kuɗi ya ragu, a ƙara ƙaramar amfilifaya. Wufa ita ce ta ƙarshe, kuma ba kowa nake ba shawarar ta ba. Masu sake naɗa kwail da manna sabuwar takarda, waɗanda a da muke kai wa sifikun asali a Sabon Gari, sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma ina jin zafin haka, don sau da yawa sifikar da ta zo da motar ta fi sabuwar kwali in an farfaɗo da ita.

Kwanakin baya wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya zo da Fijo 406, jikansa ne ke tuƙa shi. Yaron yana ta nuna min hoton allo da wufa a wayarsa. Dattijon ya bari ya gama, sannan ya ce, “Malam, ni dai tafsiri nake so in ji, ba na gane abin da ake faɗa in muna tafiya.”

Na ce, “Baba, ku ba ni zuwa la'asar.”

Rediyonsa na asali na bar masa, na ɓoye ɗan bulutut a bayansa saboda jikan. Ƙofofin gaba biyu na buɗe, na yi musu abin da ya kamata. Da suka dawo, na riga na gwada da Shatan maigidana, wanda yanzu yake cikin wayata. Dattijon ya shiga ya zauna, na rufe masa ƙofa, yaron ya kunna karatun. Ta gilashi na ga ya ɗaga masa hannu kada ya ƙara murya. Mai jan baƙi yana tsakiyar aya, sai Baba ya jingina da kujera, leɓɓansa suna bin karatun, ni da jikan muna tsaye a rana muna jira ya kai ƙarshenta.