Kufai da Fagagen Yaƙi a Ƙasar Gwandu: Muhimmancin Adana Su da Hoto

Duk wanda ya taso daga Dangoma ya ratsa Kalgo ya nufi Gwandu, gonaki da fadamu da tsaunuka zai yi ta gani. Da wuya ya lura cewa ƙasar da yake takawa ta sha ƙurar dawaki na tsawon kusan shekara ɗari.

Kamar yadda tarihi ya nuna, a shekarar 1805 ne rundunar jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice daga garin. A wannan shekarar ce kuma Shehu Usmanu ya sauka a Gwandu. Kafin shekarar ta ƙare, Gobirawa da Abzinawa da Kabawa suka haɗa kai suka gwabza da jama'ar Shehu a Alwasa, wadda yanzu take cikin Ƙaramar Hukumar Argungu. Jama'a suka yi asarar mutane da yawa, suka ja da baya zuwa Gwandu, wadda a lokacin ba ta da ganuwa. A nan ne suka tsaya suka kori maharan. Bayan haka aka kewaye garin da ganuwa. Wutar ba ta mutu ba, domin a 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabawa, aka ci gaba da fafatawa tsakanin Argungu da Gwandu har zuwan Turawa.

To, me ya rage a ƙasa? A Faransa, ramukan da igwa ta haƙa a Verdun a 1916 suna nan har gobe. Yaƙin kibiya da mashi kuwa ba ya barin irin wannan tabo. Abin da yake bari shi ne tudun ganuwa, da gwalalo, da kufai, da makwantan waɗanda suka faɗi, sai kuma sunan wuri. Ganuwar Surame ta Kanta ta jure domin da dutse aka gina ta. Ganuwar laka kuwa damina na zaizaye ta, garma na baje ta, masu gini na kwashe ta.

Saboda haka hoto ya zama wajibi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan girbi, sa'ad da aka sare karan gona, da sassafe ko da la'asar sakaliya, domin inuwa ce ke fito da tudun da ido ba ya gani da tsakar rana. Amma hoton fili kawai bebe ne. Dole a rubuta sunan wurin da ranar ɗauka, a kuma haɗa da bayanin dattijon da ya nuna shi.

A nan ne nauyi ya hau kan malaman makaranta. Su ɗauki ɗalibansu su bi dattawa zuwa waɗannan wurare tun masu nunin suna raye. Ranar da aka rasa mai cewa nan ne aka yi, fagen yaƙi ya koma gona kamar kowace gona.